Amsa: zaga Namibiya da motar haya, daga hamada zuwa teku

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mutum zai iya zaga Namibiya da kansa ba tare da direba ba. Zai yiwu sosai, kuma ni hakan na fi so, amma sai da shiri.

Ka ɗauki mota mai jan ƙafa huɗu a Windhoek, babban birnin ƙasar, da safayar taya biyu. Ta hannun hagu ake tuƙi a can, kuma yawancin hanyoyin burji ne. Kada ka wuce kilomita 80 a awa a kansu, tsakuwar tana kwashe mota ba zato. Duk gidan man da ka gani, musamman na ƙauyen Solitaire, cika tanki.

Ka kwana a Sesriem, mashigar Sossusvlei, wurin manyan tuddan yashi na hamadar Namib, ka shiga da sassafe kafin yashi ya ɗauki zafi. Kilomita 5 na ƙarshe rairayi ne mai zurfi, sai ka rage iskar taya. Busassun itatuwan Deadvlei, wani fili da ke kusa da Sossusvlei, a tsakiyar jajayen tuddai abin kallo ne da ba ya fita daga zuciya.

A Swakopmund, garin da ke bakin teku, ka riƙe rigar sanyi, don igiyar ruwan Benguela tana kawo hazo da sanyi ko da hamada na gefenka.

Gandun dajin Etosha kuwa ka ba shi kwana uku, tsakanin Yuni da Oktoba, lokacin da dabbobi ke taruwa a mashaya. A Okaukuejo, ɗaya daga cikin masaukan gandun, ana haska mashayar da dare, giwaye da karkanda su zo shan ruwa kana zaune. Ba a sauka daga mota a cikin gandun sai a masauki da wuraren da aka keɓe, kuma ana rufe ƙofa da faɗuwar rana. Don Allah kada ka yi tafiyar dare, namun daji na tsallaka hanya.