Za mu iya hana shan taba a ɗakin taron ƙaramar hukuma?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ke kula da ɗakin taron ƙaramar hukumarmu, wanda ake haya don biki, walima da taron ƙungiyoyi. Wasu baƙi kan kunna sigari a ciki ko a baranda, matasa kuma har shisha suke shigowa da ita. Na kai maganar gaba, aka ce a ware musu kusurwa guda a sa fanka. Hakan ya wadatar? Kuma muna da hurumin hanawa ɗungurungum?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kusurwa da fanka ba za su yi maganin komai ba. Fanka ba ta fitar da hayaƙi, raba shi take yi wa kowa a ɗakin. Ko na'urar sanyaya ɗaki wari kawai take ragewa, ƙananan ɓurɓushin da ke shiga can cikin huhu suna nan. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kimanin 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'auni na wannan hayaƙi da za a shaƙa a ce ba ya cutarwa, kuma a lissafinta sama da mutum miliyan 1 ke mutuwa kowace shekara ba don sun sha ba, sai don sun zauna kusa da mai sha. Shisha ma haka take: ruwan kwalbar ba ya tace guba, gawayin da ake ɗorawa kuma yana ƙara iskar da ke hana jini ɗaukar iskar numfashi.

Duba waɗanda ke cika ɗakin naka ranar biki: mata masu ciki, jarirai a goye, tsofaffi masu hawan jini, yara masu asma. Amma waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne ku ma'aikata. Baƙo zai yi awa uku ya tafi, kai da mai gadi da masu shara kuna nan kowane mako. Bayan an watse, ragowar hayaƙin na maƙale a labule da kujeru da darduma, ku ne za ku kakkaɓe su da safe.

An gwada hanawa gaba ɗaya a wasu wurare, an kuma ga amfaninsa. Ƙasar Ayalan ce ta fara haramta shan taba a duk wuraren aiki a 2004. Sikotilan ta bi sahu a 2006, kuma binciken da aka yi a asibitoci 9 na can ya nuna waɗanda ake kwantarwa saboda bugun zuciya sun ragu da kashi 17 cikin 100 bayan dokar. Mafi yawan raguwar a cikin waɗanda ba sa sha ne.

Batun hurumi kuwa, kuna da shi. Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba a 2005, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita taba ta ƙasa a 2015, ƙa'idojin aiwatar da ita suka biyo a 2019. Dokar ta hana shan taba a cikin gine-ginen da jama'a ke taruwa. Ta bar ƙofar ware wa masu sha wuri, abin da nake gani rauni ne babba a cikinta. Sai dai gini na ƙaramar hukuma ne, mai gini kuma yana da ikon gindaya wa mai haya sharaɗi.

Kada ka ɗauki nauyin kai kaɗai, don mai kula da ɗaki ba zai iya ja da ɗan mai kuɗin gari ba. Nemi shugaban sashen lafiya da duba-gari su kai wa ciyaman da kansiloli, a fito da umarni a rubuce. Daga nan a sa sharaɗin a takardar haya, sigari da shisha da sigarin lantarki duka, a karɓi wani kuɗi a ajiye wanda ba za a mayar ba idan an karya. Wannan shi ya fi aiki, don uban biki da kansa zai riƙa tsawatar wa baƙinsa. A manna alama mai hoto a kowace ƙofa, da boko da ajami, mai gabatar da taro kuma ya faɗa tun farko. Baranda da bakin taga su shiga cikin hanin, in ba haka ba iska za ta dawo da hayaƙin ciki.

Ina roƙon kada a ci mutuncin mai sha a gaban jama'a. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, kamu yake yi mai ƙarfi, da yawansu suna son bari sun kasa. A je kusa da shi, a nuna masa hanyar waje cikin ladabi. Amma ranar da babban mutum ya kunna a taron siyasa, shi ma a faɗa masa, don idan aka kawar da kai sau ɗaya matasa ba za su ƙara saurare ba. Ku ba da sanarwar wata ɗaya ko biyu kafin a fara. Idan lokaci ya dace, 31 ga Mayu, Ranar Yaƙi da Shan Taba ta Duniya, rana ce mai kyau ta farawa.