Matakalar benenmu ta yi baƙi, wa zai biya kuɗin fenti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne 'yan haya a wani bene mai hawa biyu a Kaduna. Bangon matakalarmu ya yi baƙi ƙirin da shatin hannun yara, fentin ma yana ɓanɓarewa, har kunya nake ji in na yi baƙi. Mai gida sai ya ce "za a duba", maƙwabcinmu na ƙasa kuma ya ce shi ba ya hawa sama, don haka ba zai ba da ko sisi ba. Yaya za mu yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Fara ɗauko takardar yarjejeniyar haya. A al'ada, matakala da harabar da kowa ke bi gyaransu na wuyan mai gida, sai in an rubuta akasin haka. In kun gaji da jira, ku yi karo-karo, amma kafin a buɗe bokiti ko ɗaya, mai gida ya amince a rubuce cewa za a cire kuɗin daga haya, ko da saƙon WhatsApp ne. Mu a gidan da na taɓa zama da baki muka yi, har yau ban ga kuɗina ba.

Na ƙasa kuwa yana da 'yar gaskiya. Ku ɗora masa kason ƙofar shiga da harabar da yake bi kullum, ku ƙyale shi da sauran.

Kada mai fenti ya shafe muku bangon da fentin ruwa kawai don ya fi araha. Daga ƙasa zuwa kamar mita 1.5 a sa fentin mai, launi mai ɗan duhu, don shi ake gogewa da tsumma da sabulu. Sama da haka fentin ruwa fari ya isa, zai ma ƙara haske. Lita ɗaya kan shafe kusan murabba'in mita 10 a bangon da ya yi sumul, kuma shafa biyu ake yi, sai ku auna kafin a ce muku bokiti uku na lita 20.

Wurin kankare tsohon fenti nake so ki sa ido. Tsohon fentin mai kan ƙunshi dalma, gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. A jiƙa bangon kafin a goga samfefa, a kwashe ɓarɓashin nan take, yara da masu ciki su yi nesa. Inda bango ke fitar da farar hoda kamar kanwa, ruwa ne ke shiga, a nemo inda yake yoyo tukuna.

Kan matakan kuma kada a sa fentin mai, santsi gare shi. Ku bari damina ta ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba, kafin ƙurar hunturu ta sauko ta manne a ɗanyen fenti.