Tambaya da Amsa: Koyar da Haske da Sauti a Makarantar da Ba Ɗakin Gwaji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma ba mu da ɗakin gwaji. Yara sun haddace cewa sauti yana tafiya kamar igiyar ruwa, amma in na ce me ke tafiyar, sai su ce iskar ce ke tashi daga bakin mai magana ta shiga kunne. Ta ina zan ɓullo musu?
Malamar kimiyya, Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wannan fahimtar ki fara gyarawa, domin a kanta sauran darasin zai zauna. Ki samo igiyar shanya mai tsawon mita 5, ki ɗaura jan ƙyalle a tsakiyarta, yara biyu su riƙe bakunanta. Ɗaya ya fizgi hannunsa sama ya mayar, sau ɗaya tak. Tudu zai ruga har ɗaya bakin, ƙyallen kuwa zai hau ya sauka yana nan inda yake. Kada ki faɗa musu amsar. A maimaita suna bin ƙyallen da ido, har su ce da bakinsu motsin ne ya ƙetare, igiyar ba ta je ko'ina ba. In igiyar ta yi sako-sako har tana jan ƙasa, tudun zai mutu a hanya. In an ɗame ta sosai, zai wuce da saurin da ido ba ya kamawa.

Daga nan sai sauti. Ki zuba 'yan ƙwayoyin gero a kan fatar ganga, a buga a hankali, su ga geron yana tsalle. In da kalangu ya fi, don matse igiyoyin jikinsa yana ɗame fatar, ta riƙa kaɗawa da sauri, muryar ta yi sama.

Sannan wayar gwangwani: gwangwanin madara biyu, a huda gindin kowanne da ƙusa, a zura zare mita 10, a ƙulle shi da tsinken ashana daga ciki. Abu biyu ke ɓata ta, zaren da bai miƙe ba, da yatsan da ya taɓa zaren ya shanye kaɗawar. Ki sa su ɓata ta da gangan, su nemo dalili da kansu.

Tambaya: Me zai nuna wa ɗalibai a fili cewa tafiyar haske daban take da ta sauti?
Malamin aji, Maraɗi

Amsa: Malam, damina ta ishe ka. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, sauti a iska kusan mita 340 kawai. Shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji cida, kuma duk sakan 3 da suka ƙirga tsakaninsu kusan kilomita ɗaya ke nan. Daga cikin aji za a ƙirga, kada kowa ya fita fili.

Saurin sautin ma suna iya auna shi. Yaro ya tsaya mita 50 daga doguwar katanga yana tafi, ya daidaita yadda kowane tafi zai faɗo daidai kan amsa-kuwwar na baya. Wani ya kunna agogon waya a kan tafin da aka kira sifili, ya tsayar a na 20. Zai samu kusan sakan 6. Kowane zuwa da dawowa mita 100 ne, jimla 2,000, a raba da 6 a samu kusan 333. Wanda ya samu rabin haka ya manta da dawowar sautin ne. Ƙasa da mita 17 kuwa kunne ba ya raba tafi da amsa-kuwwa.

Babban bambancin da za ka jaddada: sauti sai da abin bi, iska ko ruwa ko ƙarfe, haske kuwa yana ratso sararin da babu iska daga rana ya iso mu cikin minti 8 da 'yan sakanni.

Tambaya: Me ya sa cokali yake kamar ya karye a cikin kofin ruwa?
Ɗalibar aji uku, Kumasi

Amsa: 'Yata, cokalin lafiyarsa lau, hanyar hasken ce ta karkace. A cikin ruwa saurin haske yana sauka zuwa kusan kilomita 225,000 a sakan, don haka in ya fito daga ruwa zuwa iska a karkace sai ya sauya hanya, ido kuma ya ɗauka a miƙe ya zo. Ki gwada: sa ƙaramin makulli a gindin kwanon silba, ki ja baya har bakin kwanon ya ɓoye shi, wata ta zuba ruwa a hankali kada makullin ya gusa. Zai bayyana ba tare da kin motsa ba. In kina son ganin hanyar hasken, ɗiga madara ɗigo uku ko huɗu a lita ɗaya ta ruwa cikin gora mai haske, ki haska da tocila a ɗaki mai duhu, bayan kin rufe fuskar tocilar da kwali mai siririyar tsaga. Madarar in ta yi yawa hasken zai watse. Tocilar leza ta fi fitar da layin, amma kada a taɓa haska ta a idon kowa.