Wifi ko waifai: abin da kunnena ya ji a wajen masu Faransanci

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa masu Faransanci ke cewa "wifi" alhali mu muna cewa "waifai", ko rashin iya Turanci ne. Sam ba haka ba ne. Na yi shekaru ina kai-komo tsakanin Kano da Maraɗi da Yamai, har na saba da lafazin.

Saukata ta farko a wani masauki a Yamai, na tambayi yaron da ke karɓar baƙi lambar waifai, ya tsaya yana kallona. Sai da na nuna masa alamar a wayata ya ce, "Au, wifi!" A ƙa'idar karatunsu haka ake furta harafin i, ya kuma bi ƙa'idarsa. Harafin h kuwa ba sa furta shi ko kaɗan, kuma nauyin murya kan gaɓar ƙarshe yake sauka. Football sun datse shi ya koma "fut", shampooing ya zama "shampwan". Wani lokaci har ma'anar ke sauyawa: smoking a wurinsu kwat ɗin zuwa biki ce, footing kuma gudun motsa jiki.

Ni dai ina jin ciwo idan aka yi musu dariya. Mu ba mu ne muka mai da hospital asibiti, screwdriver kuma sukudireba ba?

Daɗin abin yana wajen wasa da kalmomi. Tunda h ta faɗi, hungry da angry sun zama ɗaya a bakinsu, mai jin yunwa ya koma mai fushi. Wani abokina Badamagare da ke koyon Turanci, in abinci ya yi jinkiri sai ya dafa ciki ya ce "ayam angri", ya ƙara da cewa duka biyun yake nufi. Akwai kuma kacici-kacicin da ɗalibai ke yi: me ya sa Bafaranshe ba ya cin ƙwai biyu? Don ƙwai ɗaya a harshensu "un œuf" ne, da ka ji kamar enough, wato ya isa.

Wanda ya fi burge ni a Faransa kanta ya faru. A 1994 ministan al'adu Jacques Toubon ya kawo dokar da ta wajabta amfani da Faransanci a tallace-tallace da takardun ɗaukar aiki, don taka wa Turanci birki. Sunansa a kunne daidai yake da "tout bon", wato komai ya yi kyau. Sai mutane suka juya sunan zuwa harshen da yake yaƙa, suka laƙaba masa Mista Allgood.