Amsa: Me ya kawo ƙaramar hukuma cikin gwajin kayan shaidar fyaɗe?

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa ƙananan hukumomi a Amurka suke ware kuɗi na musamman kan wannan, alhali a ganinki aikin 'yan sanda ne. Abin da ya faru a birnin Detroit na jihar Michigan zai ba ki amsa.

A 2009 aka gano ƙunshin shaida 11,341 jibge a wani rumbun 'yan sanda, wasu tun shekarun 1980, ba a gwada su ba. Ki tuna yadda ake haɗa kowane ƙunshi: wadda aka ci wa zarafi ta yi sa'o'i a asibiti, ana ɗibar samfur daga jikinta, ana kankare ƙarƙashin farcenta. A ce bayan wannan azaba an bar kwalin ƙura na cinsa! Abin yana ci mini rai.

Kym Worthy, babbar mai gabatar da ƙara ta gundumar Wayne, wato ƙaramar hukumar da Detroit ke cikinta, ita ta tsaya kai da fata. Birnin ya faɗa fatara a 2013, sai jihar Michigan ta ba da dala miliyan 4 don gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) na ƙunshin.

Amma gwaji ba ya kai kowa kurkuku. Dole a nemo matar bayan shekara ashirin, wataƙila ta ƙaura, a samu mai rarrashinta, a biya masu bincike da lauyoyi. Wannan albashi ne na shekaru, kuma gunduma ce ke shigar da ƙarar. Da kuɗi suka gaza, a 2015 har gidauniya aka kafa mai suna Enough SAID.

Gwajin ya tona asirin mutum sama da 800 da ake zargin sun maimaita fyaɗe.