Amsa ga ƙanena mai shirin tahowa Ingila: gudu a wurin gyaran titi

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin takardun makaranta sun fito. Allah ya sa a zo a sa'a. Tambayoyinka da yawa, amma bari in fara da ta tuƙi, don ita na ga ka fi zumuɗi a kai. Ka ce ka ji an ƙara wa direbobi gudu a wuraren da ake gyaran manyan tituna a nan, kana tambaya ko gaskiya ne, kuma in gaskiya ne ashe su ma Turawa sun gane tafiyar hawainiya ba ta hana haɗari. Ka ce kana da lasisinka na gida, ka saba da hanyar Kano zuwa Kaduna, da ka sauka za ka nemi 'yar mota.

Labarin gaskiya ne, fassarar da ka yi masa ce ban yarda da ita ba.

A nan da mil ake auna gudu. Iyakar ƙaramar mota a babban titi, irin waɗanda sunansu ke farawa da harafin M, mil 70 ne a awa, wajen kilomita 112 ke nan. Shekara da shekaru, duk inda ake aiki a kan irin wannan titi sai a sauke shi zuwa mil 50. A watan Yulin 2020 hukumar manyan titunan Ingila, wadda a lokacin ake kira Highways England, yanzu kuma National Highways, ta ce za a riƙa barin mil 60 a wuraren aiki inda aka duba aka ga ba matsala. Kafin nan sai da suka gwada a sassan M1 da M4 da M6. Riƙe wannan "inda aka duba" ɗin da kyau. Har gobe akwai wuraren aiki da ke kan 50, akwai ma na 40, kuma abin da allo ya nuna shi ne doka, ba abin da ka karanta a waya ba.

Dalilin ƙarin shi ne abin da ba a cika faɗa ba, kuma sai ka shiga tsakiyar tirelolin nan za ka gane shi. Manyan motocin kaya a nan an ɗaure musu gudu da na'ura, ba sa wuce mil 56, wato kilomita 90. Malejinsu daidai yake ƙirga. Na ƙaramar mota kuwa yakan ɗan yi ƙari, don doka ta hana ya nuna ƙasa da ainihin gudun. To kai kana kallon allura a kan 50, alhali 47 ko 48 kake yi. Direban tirela na bayanka yana kan 50 cif, ko ma ya ɗan ɗara. Ka ɗaga ido ka dubi madubi, ba sama ba ƙasa, sai ƙarfen gaban tirela ya cika gilashin baya. Ga layin an matse shi, hagu shingen ƙarfe ko jerin robobin nan masu tsini, dama wata tirelar tana neman wuce ka, tayarta daidai tagarka. In ana ruwa kuma feshin tayoyinta ya rufe maka gani. A nan ne mutum ke rikicewa, ya taka birki ba dalili, ko ya sauya layi bai duba ba. Da aka mai da iyakar 60 sai ƙaramar mota ta samu damar tsere wa tirela, kowa ya kama layinsa. A gwajin da aka ba da labarinsa a 2017 har na'urar auna bugun zuciya suka ɗaura wa direbobi, aka ga fiye da rabinsu zuciyarsu ta fi kwanciya a 60. Hukumar ta kuma ce mutane sun fi bin dokar 60 fiye da yadda suke bin ta 50.

Ka ga ke nan ba gudu aka yaba ba. Abin da aka nema shi ne motoci su tafi bai ɗaya.

Ribar lokaci kuwa ba wata mai yawa ba ce ga mutum ɗaya. Yi lissafi da kanka: wurin aiki mai tsawon mil 10, a kan 50 minti 12 ne, a kan 60 minti 10. Minti biyu. Sai an tara na dubban motoci a wuni sannan ya zama abin faɗa. Amma dubi ɗaya ɓangaren. Kundin dokokin hanya na ƙasar ya ce mai tafiya a kan 50 yana buƙatar mita 53 kafin ya tsaya cak, mai 60 kuwa mita 73. Bambancin ya kai tsawon motoci biyar, a busasshen titi ma ke nan. Shi ya sa ƙungiyar ƙwadago ta Unite ta yi ƙorafi tun ana gwaji, ta ce da rayukan ma'aikatan titi ake wasa. Ni dai ban ga laifinsu ba. Wanda ke tsaye da rigar lemo ƙarfe biyun dare yana jera robobi, motoci na wucewa ta gefensa, ba ruwansa da minti biyun da na samu. Ra'ayina, 60 ta yi daidai inda aka raba ma'aikata da motoci da shinge mai ƙarfi. Inda roba ce kawai tsakani, gara a bar ta a 50.

Abin da ya sa tsarin ke tafiya, wanda kuma zai iya cin ka, shi ne kyamara. A wuraren aiki ba irin wadda za ka hango ka rage gudu, ka wuce ka ƙure maleji ba ce. Rawaya ne, a kan dogayen sanduna. Ta farko ta ɗauki lambar motarka da lokaci, ta gaba ta sake ɗauka, kwamfuta ta raba nisa da lokaci. In ka iso da wuri, ka yi gudu, magana ta ƙare. Sauya layi ba ya ɓatar da ita, dare ba ya hana ta gani, kuma tana aiki ko da ba ma'aikaci ko ɗaya a wurin. Ba jami'in da zai tsayar da kai balle ka ce ranka ya daɗe a yi haƙuri, ba wanda za ka kira ya sa baki. Wasiƙa ce za ta zo wa mai motar cikin kwana 14, a ce ya faɗi wanda ke tuƙi. Mafi ƙarancin hukunci tarar fam 100 da makin laifi uku a lasisi. In ƙetarewar kaɗan ce ana iya ba ka zaɓin zama aji na 'yan awoyi, kai za ka biya, kuma ba a maimaita wannan alfarmar cikin shekara uku. In abin ya kai kotu, tarar gudu a babban titi tana iya kaiwa fam 2,500. Ƙin faɗin direba kuwa maki shida ne. Kada ka kuskura ka ɗauki makin wani ko ka ba wani naka saboda zumunci. Wannan har gidan yari yana kai mutum, ya kai tsohon minista Chris Huhne a 2013.

Makin nan ya fi yi wa baƙo illa. Tsohon direba sai ya tara 12 cikin shekara uku ake dakatar da shi. Sabon da ya ci jarrabawa kuwa, maki shida cikin shekara biyun farko sun isa a soke lasisin, ya koma ɗan koyo. Wasiƙa biyu ke nan. Kuma duk shekarun da ka yi a hanyar Kaduna, a idonsu sabo za ka zama. Lasisin Najeriya yana yi maka aiki wata 12 daga ranar da ka fara zama, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa kai tsaye. Dole ka nemi na koyo, ka ci jarrabawar kwamfuta, ka ci ta tuƙi, wadda samun ranarta kan ɗauki watanni. Da yawa daga 'yan uwanmu suna sakaci har shekara ta cika, su ci gaba da tuƙi a haka, ba su san inshorarsu ta shiga matsala ba sai ranar da 'yan sanda suka ɗauke motar. Inshorar kanta, ga sabon zuwa, tana iya fin kuɗin tsohuwar motar da ya saya.

Na kuma hango inda ka dosa da maganar 'yar mota. In don kai saƙon abinci ne, ka sani bizar ɗalibi ta hana aikin cin gashin kai, kuma yawancin masu wannan sana'a a haka aka ɗauke su. Awa 20 a mako ka samu lokacin karatu, a wurin wanda ya ɗauke ka aiki. Bar motar tukuna. Wata ukun farko ka hau bas da jirgin ƙasa, ka zauna gaba in wani ya ɗauke ka, idonka ya saba da hannun hagu. Mu tun 1972 muka koma dama, don haka a shataletale jikinka zai riƙa juya kai ta inda ba mota, motar kuma ta taho ta ɗaya gefen.

Ranar da ka tuƙa mota ka shiga wurin gyaran titi da kanka, in motar tana da na'urar kayyade gudu ka saita ta a kan abin da allo ya ce, ka huta da kallon allura. Bar tazarar daƙiƙa biyu tsakaninka da na gaba, huɗu in ana ruwa. Tirela ta matso, kada ka tsorata ka taka totur, kada kuma ka taɓa birki don ka koya mata hankali. Tsaya a gudunka, in da hali ka ba ta hanya. Ka ga jar alamar X a saman layi, fita daga layin, ita ma da kyamararta. In mota ta mutu maka a ciki, kunna fitilun haɗari. Manyan wuraren aiki da yawa suna da motar janwe kyauta, za ka ga allonta tun daga mashiga, sai dai iyakarta ta fitar da kai daga wurin aikin, sauran hidima taka ce.

Kafin ka taso ka duba ranar ƙarewar lasisinka, in ta kusa ka sabunta a gida, don wanda ya mutu ko kwana ɗaya ba zai yi maka a nan ba. Maganar ɗakin haya da kuɗin ajiya sai a saƙo na gaba. Ka gaida su Baba da Inna.