Tambaya da Amsa: Wace mota ce za ta jure duwatsun Tula?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Kaltungo ne, ina noma a wajen Tula, kuma daga inda na bar kwalta zuwa gonar duk duwatsu ne da kwazazzabai, da damina kam sai addu'a. Ina son sayen mota ta hannu. Bakanikena ya ce in nemi mai aksul miƙaƙƙe gaba da baya, ƙanina kuma ya ce wai tsohon yayi ne, in sayi wadda kowace taya ke motsi ita kaɗai. Maganar wa zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba da damina mai albarka. Gaskiya a irin hanyarka maganar bakanikenka ta fi ƙarfi, bari ka ji dalili.

Aksul miƙaƙƙe ƙarfe ne guda da ya haɗa tayar hagu da ta dama, kamar sandar ɗan garuwa, in gefe ɗaya ya ɗaga ɗayan sai ya danna ƙasa. To a kan dutse abin da kake nema kenan, taya ɗaya ta hau dutse ɗayar kuma tana nan manne da ƙasa tana ja. Mai ƙafa daban-daban ba ta iya miƙa ƙafa sosai, sai ka ga taya ɗaya a sama tana ta juyawa a banza motar ta tsaya cak ko da ka sa oksilari, wato giyar da ke sa tayoyin gaba da na baya su ja tare, sai dai in tana da makullin aksul da ke tilasta wa tayar hagu da ta dama su juya tare. Sannan tulun da ke tsakiyar aksul ɗin yana tashi ne tare da tayoyi, ita kuwa mai ƙafa daban-daban in ta faɗa rami da nauyi cikinta ne ke sauka, ka ji ƙaf dutse ya daki ƙasan mota. Shi ya sa Land Cruiser 70 da Toyota ta fara a 1984 har yau ba a canja mata wannan tsarin ba, haka Jeep Wrangler da ƴar ƙaramar Suzuki Jimny.

Amma ƙaninka ma bai yi ƙarya ba fa. Aksul ɗin nan nauyi gare shi, a hanyar burji mai gargada in ka ɗan taka wuta duk jijjigar a ƙugunka za ta ƙare, kuma ranar da bushin suka ci sitiyari zai riƙa karkarwa a hannunka. A kwaltar Gombe zuwa Bauchi mai ƙafa daban-daban ta fi daɗi nesa ba kusa ba, ta fi kama kwana. Ko Land Cruiser 100 da ta fito a 1998 gabanta an mai da shi haka ne.

Abin da ya fi damuna da mai ƙafa daban-daban shi ne gyara, don na sha ganin yadda yake cin aljihun manoma. Shaf ɗin gaba yana da gaɓoɓi da aka rufe da roba, kututture ko ƙaya ya yaga robar, giris ya zube yashi ya shiga, kai ba ka sani ba sai ka fara jin ƙas-ƙas in ka karya kwana, ga bol-joyin ga bushin na hannuwa, abubuwan lalacewa sun yi yawa ga motar da za ta riƙa saukowa da buhunan masara.

In aljihu zai ɗauka, nemi Land Cruiser 79 mai buɗaɗɗen baya, ko tsohuwar 80 mai lafiya. Na san kuɗinsu ba wasa ba, kuma suna shan mai. In bai kai ba to Hilux ta ishe ka, ta 2005 zuwa yau gabanta daban-daban ne amma bayanta aksul ne miƙaƙƙe a kan sifirin na faranti, kuma can ne kaya ke zama, ga kayan gyaranta ba sa wuyar samu a Gombe. Ranar saye ka tafi da bakanikenka ya shiga ƙarƙashi ya duba robobin shaf ɗin nan, sannan ku sa oksilari a kan yashi ku tabbatar ƙafar gaba na ja kafin ka biya.